Hannun Hagun Mai Agogo

4 ga Fabrairu

Ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa mai tambaya don ya wuce. Ni bayana ne yake damuna in na daɗe a kan keken ɗinki. Yara duk suna gidajensu, sai dai su bugo waya su ce a gaida Baba.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. In na kira ki da rana, wayarki tana kulle a kabad ɗin wurin aiki. In kin kira ni da yamma, maigidana Mai Agogo yana zaune a gefena, gidan kuwa ɗaki biyu ne, ko tari na yi sai ya tambayi dalili. Maganar kuma a kansa take. Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakata da kakarki ne 'yan ɗaki ɗaya, rabona da ke kuma tun kina 'yar makaranta. Amma duk dangi ke kaɗai ce mai sa farar riga. Kada ki fara ce min ke ba likita ba ce. Na ji, na kuma ƙi ji.

Karkarwar hannunsa na dama ta yi ƙarfi, shekara huɗu ke nan. Shayi ma rabin kofi nake zuba masa, in ba haka ba rigarsa ce za ta sha. Abin da ya riƙe mu shi ne hagu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama hantsaki da dama, ya zauna ya koya wa hagu aiki kamar sabon shiga. Yanzu yakan danne na daman a ƙarƙashin cinya, ya maƙala gilashi a ido, ya ɗaure agogon a wata 'yar matsa da ya ƙera da kansa, ya yi aiki da hannu ɗaya. Abin da yake gamawa a minti goma a da, yanzu sai ya ci awa guda, amma yana gamawa. In hagun nan ya tafi, shagon ya tafi. Ba abinci nake tunani ba, ɗinkina zai ciyar da mutum biyu. Teburin nan ne yake tayar da shi daga gado da safe, ban san me zai tayar da shi ba in babu shi.

Ga tambayata. Bayan magungunan karkarwa akwai wata 'yar farar ƙwaya da yake sha kullum, shekara bakwai, tun lokacin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura aka ce gawut ne. Makon jiya an gwada jininsa. Likitan asibiti ya leƙa takarda ya ce yurik asid ya sauka sosai, madalla, na gaba ya shigo. Ban samu damar buɗe baki ba. Mene ne wannan yurik asid ɗin? Babarki ta ce a kansa kuke aiki a can. Ki yi min bayani yadda mai ɗinki za ta gane.

Yayarki

9 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, in dai gajiya ba ciwo ba ce. Idanuna ne suke zafi, ɗakin da nake aiki ba shi da taga, fitila ce a kanmu daga safe har yamma. Allah ya ƙara wa Yaya Mai Agogo sauƙi, ke ma ya sassauta miki bayan. Ki yafe jinkiri. Wasiƙunmu a wani akwati ake zuba su a bakin ofis, ni kuma na saba ba mai aiko min komai, ban cika leƙawa ba.

Ni ba likita ba ce. Na faɗa, sai ki ƙi ji. Aikina shi ne kwalaben jini, wata rana ɗari biyu. In manna musu lamba, in jera su a na'urar da take juya su har jinin ya rabu biyu, in ɗebe ruwan saman, in sa a firij, in wanke hannu, in sake. Ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga masu jinin ba. Na san mai lamba 114 ya fi kowa zuwa a kan lokaci, iyakar sanina da shi ke nan.

To, yurik asid. Kullum jiki yana rushe tsofaffin sassansa yana gina sababbi, yana kuma narka abin da muka ci. Daga cikin tokar da take ragewa akwai yurik asid. Hanta da ƙoda da jan nama da kifin gwangwani sun fi kawo shi. Ƙodar mutum ce take fitar da shi a fitsari. In ya taru ya yi yawa sai ya daskare ya zama 'yan ƙananan allurai a cikin gaɓa, shi ne gawut ɗin da ya kama yatsan Yaya Mai Agogo. Farar ƙwayar aikinta ta hana shi taruwa.

Amma ba shara ba ne kawai, nan ne abin ya ba manyanmu sha'awa. Iskar da muke shaƙa ita take raya mu, ita kuma take cin jiki a hankali, kamar yadda danshi yake sa wa cikin agogo tsatsa. A jini akwai masu tare wannan tsatsar, yurik asid kuwa yana cikin manyansu, har wasu suna cewa kusan rabin aikin shi yake yi. An kuma lura da yawa daga masu ciwon karkarwa nasu ƙasa yake, waɗanda nasu ya ɗan ɗaga kuwa kamar ciwon ya fi bin su a hankali. Shi ya sa shugabanmu yake gwaji: an ɗaga wa wasu marasa lafiya nasu da magani, an bar wasu, ana kallo. Jininsu nake juyawa shekara biyu ke nan. Ba a san sakamako ba tukuna.

Kin san ke ce mutum na farko a dangi da ya tambaye ni me nake yi? Sauran sai dai su turo min hoton ƙurji su ce wane magani za a shafa. Na ji daɗi har na rasa inda zan tsaya. Ranakun da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, nakan ce wa kaina wataƙila a cikin kwalaben nan akwai abin da zai tsayar da hannun wani. Wallahi Yaya, da ni ce mai karkarwa, da ban yi murna da jin an ce nawa ya sauka sosai ba.

Bari in tsaya, lokacin cin abinci ya ƙare, ban ma ci ba.

Ƙanwarki, wadda ba likita ba

27 ga Maris

Likita,

Assalamu alaikum, ya idon? Ki riƙa fita kina ganin rana, kada ki dawo mana fara fat kamar rigar taki. Mu muna lafiya.

Sau biyar na karanta wasiƙarki, a ɓoye, a bayan keke. Na gane maganarki. Na san ku ma'aikatan lafiya ba kwa faɗar abu kai tsaye a takarda, kada a kama ku da shi. Kin ce da ke ce, da ba ki yi murna ba. Ai wannan ta ishi mai hankali. Ashe shekara bakwai muna korar mai gadi daga gida da hannunmu, saboda yatsan ƙafa guda. Ƙafa me take gyarawa a agogo?

Ni nake haɗa masa magani kowace safiya a murfin kofi, ƙwaya shida. Shi ba ya dubawa, sai ya watsa a baki ya kora da ruwa yana ɓata fuska. Yau kwana goma sha ɗaya ina zuba biyar. Ban gaya masa ba. Kin san shi, abin da likitan asibiti ya rubuta ko harafi ba ya tsallakewa. Kuma ina tsoron in sa masa rai abin ya ƙi, ya sha sa rai a shekarun nan har ya ishe shi. Gara in ɗauka ni kaɗai, in ya ga hannun ya lafa sai in ba shi labari mu yi dariya.

Na kuma ƙulla da mahaucin bakin titinmu, sau uku a mako yana ajiye min hanta da ƙoda. Mai Agogo ya dubi kwano jiya ya ce ko na ci gado ne bai sani ba. Na ce ya ci kawai, ba a tambayar mai girki.

In kin ga kuskure a nan, ki rubuto da gaggawa. In na ji shiru, na san kin yarda.

Yayarki

18 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya kuwa? Mako bakwai ba ko layi. Na ce shiru yarda ce, na kuma ɗauke shi a haka, amma shirun ya fara yi min yawa. Na gwada wayarki sau biyu daga shagon maƙwabciya, ba ta shiga.

Ina ganin da sauƙi. Na ce ina gani, don idona ya gaji da kallon hannun nan har ban san me nake gani ba. Wata safiya sai in rantse karkarwar ta ragu, kafin azahar ta dawo yadda take. Amma ga abin da ya faru a zahiri. Wata mata ta kawo agogon hannu ɗan mitsitsi na mahaifiyarta, masu gyara biyu sun mayar mata da shi. Kwana uku ya yi a kansa. Rana ta huɗu ya kira ni daga ɗinki, ya kara min shi a kunne. Yana tafiya, ƙanwata. Ya daɗe bai dube ni da irin wannan fuskar ba. Saura kaɗan in gaya masa, sai na haɗiye.

Abu ɗaya ne, yatsan ƙafar ya fara yi masa tsami, ya ce takalmi ne. Sai kuma wani ciwo a kwiɓi da yake zuwa ya tafi, wannan kuma ya ce kujera ce. Na sa masa matashi. Wannan ba komai ba ne, ko? Na gaji, ƙanwata. Riƙe sirri a gida mai ɗaki biyu ya fi ɗinkin kwana uku wahala. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Yayarki

21 ga Yuni

Yaya,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Yau da safe na ga wasiƙunki biyu a tare. Tun ƙarshen Maris aka tura ni wani reshe in riƙe wa mai haihuwa aiki, aka ce mako uku, na yi mako goma sha biyu, wurin ko waya ba ta kamawa sosai. Wasiƙun suna kwance a akwati ƙarƙashin takardun talla. Na kira lambarki sau bakwai, a kashe. Na kira babata, ta ce ba ta san komai ba.

Shiruna ba yarda ba ce. Ki daina ba shi hanta da ƙoda yau. Ya sha ruwa da yawa. Ki kai shi asibiti gobe, ki gaya wa likita gaskiya, ranar da kika cire ƙwayar da abin da yake ci. Kada ki mayar masa da ita da kanki, akwai yadda ake sake farawa, su suka sani. Yatsan ba takalmi ba ne. Kwiɓin kuma ina tsoron tsakuwa ce a ƙoda, yurik asid yana yin ta. Gawut ba a ƙafa kawai yake tsayawa ba, Yaya, yana kama wuyan hannu, yana kama yatsu.

Ga kuma abin da ya kamata ki sani. Makon jiya, da dawowata, aka tara mu aka buɗe sakamako. Shugabanmu ya haska zane a bango, layi biyu, na waɗanda aka ɗaga wa da na waɗanda aka bari. Layukan tare suke gangarowa, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Ciwon bai tsaya wa kowa ba. Bambancin kawai shi ne waɗanda aka ɗaga wa sun fi samun tsakuwar ƙoda. Ya ce gaskiya ne yurik asid yana tare tsatsa a jini, amma ƙara shi bai kare kowa ba, wataƙila ma ciwon ne yake saukar da shi, ba saukarsa ce take kawo ciwon ba. Aka tafa masa saboda ya faɗi gaskiya, aka sha lemo, na koma na kwashe firij. Waɗancan marasa lafiyar kuwa ana auna su kowane wata, da likitoci a kansu. Yaya Mai Agogo ba wanda yake auna shi.

Na nemi abin da na rubuta miki a kaina, na tuna layin. Ba umarni na ɓoye a ciki ba. Abin ya fi haka muni. Kin kira ni Likita, kin tambaye ni, sai na ji daɗin zama wadda ta sani, na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Da na rubuta miki cewa kada ki taɓa maganinsa, layi ɗaya ne, bai zo min ba. Ki yafe min. Ki kira ni ko yana kusa, ba sauran abin ɓoyewa.

Ƙanwarki

16 ga Yuli

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Muna gida, da sauƙi, wannan karon na gaske ne ko da kaɗan ne. Wasiƙarki ta iso bayan an sallame mu. Lokacin da kike kira muna asibiti, wayar tana gida a kan keke, ta mutu. Na ga kiranki daga baya. Ban iya kira ba, ki bar ni da takarda, ita ba ta jin muryata.

Ranar sha biyu ga Yuni ya tashi da safe hannun hagu ya kumbura, daga wuyan hannu har yatsu biyu, ja wur, yana sheƙi. Ko gefen mayafi ya taɓa shi sai ya cije leɓe. Kafin rana ta yi tsaka kwiɓin ya kama, mutumin da ban taɓa jin ihunsa ba ya durƙusa a tsakar ɗaki. Tsakuwa ce, yadda kika ce. Kwana goma sha ɗaya muka yi kafin ta fita, 'yar abu kamar ƙwayar shinkafa.

Rana ta biyu likitan ya zo da takardar gwaji, ya tsaya a ƙarshen gado. Ya ce wannan lambar ba ta mai shan magani ba ce. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wa ya tsayar da ƙwayar?"

Mai Agogo ya juyo ya kalle ni. Bai san komai ba sai a lokacin, a fuskata ya karanta. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Ni ne, likita. Na gaji da haɗiya."

Likitan nan sa'an ɗanmu ne. Ya yi masa faɗa a gaban marasa lafiya takwas da masu jinyarsu, ya ce dattijo da shi yana wasa da rai kamar yaro. Mai Agogo yana ta cewa a yi haƙuri, ba zai ƙara ba. Ni ina tsaye da kwanon abinci a hannu, kunya ta hana ni ko motsi. Daga baya na bi likitan waje na gaya masa gaskiya. Ya ce to, ya rubuta wani abu, ya wuce.

Bai tayar da maganar ba a asibiti, bai tayar ba da muka dawo. Kwana tara yana gode min in na ba shi ruwa, kamar baƙo. Na gwammace ya zage ni. Rana ta goma ina shafa masa mai a yatsun, na kasa, na ce ya faɗi abin da yake ransa ko zan samu in yi barci. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Da kin tambaye ni, da na yarda," ya ce. "Da ni da kaina zan riƙa cire ta. Kin ɗauka ke kaɗai kike son hannun nan?"

Na ce tsoro nake ya sa rai a banza. Ya ce ransa ne, da na bar shi ya sa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, sai ya miƙo min ɗaya hannun in shafa.

Kin ce in yafe miki. Ba zan ɓoye miki ba, mako biyu ina zaginki a zuci. Sai na ɗauko wasiƙarki ta Maris in nemo hujja, na ga kin rubuta ƙarara cewa ba a san sakamako ba tukuna. Sau biyar na karanta takardar nan, sau biyar idona ya tsallake wurin. Na yafe miki naki, ba shi da yawa. Nawa ne ban san inda zan ajiye ba. Ki ci gaba da wanke kwalabenki, ai gano cewa hanya ba ta ɓullewa ma aiki ne, wasu matan ba za su bi ta ba.

Kumburin ya sauka, an mayar da shi kan maganin a hankali. Amma yatsu biyun ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma karkarwar ta fara a babban yatsan hannun hagu. Likitan ya ce dama ciwon haka yake, ko ba daɗe sai ya tsallaka, ba gawut ne ya kawo shi ba. Na yarda. Sai dai mako huɗun da hannun ya yi a naɗe, daga cikin ɗan abin da ya rage masa na ɗiba, kuma ba mai iya gaya min nawa ne ya rage.

Litinin da ta wuce ya je shago. Na bi shi na zauna a benci. Ya ɗaure agogo a matsa, ya maƙala gilashi, ya ɗauki hantsaki. Sau huɗu ɗan sukurun yana kuɓucewa, na huɗun ya faɗi ƙasa, muka neme shi muka rasa. Ya cire gilashin ya goge shi da bakin riga ya sa a aljihu. Agogo goma sha ɗaya na mutane ne a durowa. Ya rubuta sunan kowa da kyar, ni na bi gida gida na mayar. Wani ya ce a bar nasa sai ya warke. Na kawo saƙon, ya ce in koma in ba shi abinsa.

Jiya da hantsi yana zaune a bakin gado, ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce ga agogo a hannunka. Ya ce ya tsaya tun shekaranjiya, batir ne. Ya yi ta fama da maɗaurin har ya kwance, ya miƙo min, ya ce in kai wa mai gyaran da yake tsallaken titi, wanda shekara ashirin Mai Agogo yana cewa bai iya komai ba sai ɓata wa mutane kaya.

Na kai. Mutumin ya juya agogon ya gane shi. Bai tambaye ni komai ba. Ya tashi daga kujerarsa, ya canja batir ɗin a tsaye, ya saita lokaci, ya miƙo min da hannu biyu.

Yayarki